Gyara Kayanka: Yadda Ake Mayar da Garejin Gida Wurin Sana'a

Ranar Asabar da hantsi babur ya ƙi tashi, maigida ya shiga gareji neman sufana mai lamba goma. Ya san ya saya, ya san tana ciki, amma a ina? Ya ɗaga tsohuwar katifa, ya ture buhun masara, ya zazzage wani gwangwanin madara cike da ƙusoshi masu tsatsa. Can bayan rabin sa'a, gumi ya jiƙa masa riga, sai ya haƙura ya aiki yaro kasuwa ya sayo wata. Bayan mako biyu ana share wurin za a ɗaure ragon layya, sai ga sufana uku, dukkansu masu lamba goma, kwance a ƙarƙashin wata tsohuwar taya.

Da wuya a sami mai gareji da bai taɓa cin karo da irin wannan ba. A gidajenmu da yawa, garejin da aka gina don mota ya koma juji mai ƙofa: duk abin da aka rasa inda za a kai shi, kuma ake jin nauyin zubar da shi, can ake jefa shi. Alhali ɗaki ne mai kimanin mita 3 a faɗi da mita 6 a tsawo, galibi yana da babbar ƙofa da ke buɗewa waje, kuma yana gefe da ɗakunan kwana. Babu wani wuri a gida da ya fi shi dacewa da aikin hannu, ko kafinta ne, ko gyaran babur, ko gyaran kayan lantarki, ko 'yar walda.

Kada a raina girmansa. A 1939 wasu samari biyu, Bill Hewlett da David Packard, suka kafa kamfanin HP a cikin wani garejin katako a garin Palo Alto na jihar Kalifoniya a Amurka, da jarin dala 538. Garejin ƙafa 12 ne a faɗi, ƙafa 18 a tsawo, wato kusan girman na gidajenmu da yawa ne. Ba kowa ne zai kafa kamfanin kwamfuta ba, amma kowa na iya samun inda zai gyara kujerar gidansa, ya koya wa ɗansa riƙon guduma, ko ya sami abin cefane da yamma bayan an tashi daga ofis.

Abin da ya kamata a fahimta tun farko shi ne, ɗakin da kansa shi ne kayan aiki na farko. Wanda ya kwashi kuɗi ya sayo injin huda da injin yankan ƙarfe ya zuba su a ɗakin da ke yoyo, mai duhu, mai waya a zube a ƙasa, ya sayo wa tsatsa abinci ne kawai. Gyaran yana da tsari, kuma wanda ya tsallake matakin farko zai dawo ya yi aiki biyu.

A fara da fitar da komai

Ba a gyara gareji da kaya a ciki. A zaɓi rana guda a lokacin rani, a shimfiɗa tabarma ko leda a tsakar gida, a fito da komai har tsinke. Sannan a kasa kayan kashi huɗu: abin da ake aiki da shi, abin da yake da amfani amma mazauninsa ba nan ba ne, abin da za a sayar ko a bayar, da abin da za a zubar.

Nan ne ake samun gardama, da zuciya da kuma mutanen gida. Kowa yana da tsohuwar fanka da yake cewa wata rana zai gyara. Ma'aunin mai sauƙi ne: abin da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, kuma ba a san ranar da za a taɓa shi ba, ya tafi. 'Yan gwangwan suna sayen tsohon ƙarfe da goran ruwa da jan ƙarfe a kan kilo, kuɗin kuwa zai rage wani abu a sayen siminti. Kayan uwargida kuma, irin su tukwanen biki da kwanukan gado, a zauna da ita a nema musu wuri, kada a yanke hukunci a bayan idonta. Hatsi dai dole ya bar wurin baki ɗaya, domin masara da gero da garin rogo suna ɗaukar warin fetur da fenti, ga shi suna janyo ɓeraye, ɓera kuwa ba ya barin wayar lantarki.

Masana'antun ƙasar Japan, musamman kamfanin mota na Toyota, sun shahara da wani tsari da ake kira 5S, saboda kalmomi biyar na Japananci da duk suke farawa da harafin S: seiri, seiton, seiso, seiketsu da shitsuke. Ma'anarsu a taƙaice ita ce tantance kaya, ba kowanne mazauni, share wuri, kafa ƙa'ida, da dagewa a kanta. Abin lura shi ne tantancewa ce ta zo farko. Wanda ya jera tarkace a kan sabuwar kanta bai gyara komai ba, ya dai ɗaga jujin ne daga ƙasa zuwa sama.

Rufi, daɓe da bango

Da ɗakin ya zama wayam, sai a duba shi daga sama zuwa ƙasa. A shiga da tsakar rana a rufe ƙofa a ɗaga kai: duk inda haske ya ratso ta kwano, nan ruwa zai bi da damina. A toshe ramukan ƙusa, a sauya kwanon da ya ruɓe. In da hali a yi silin, domin kwano tsirara a watan Afrilu da Mayu yana mayar da ɗaki tanda, kuma mutumin da zafi ya galabaitar shi ne yake sare yatsansa.

Daga nan sai daɓe. Akwai gwaji mai sauƙi na gano danshi: a manna leda a ƙasa da salatef ta kowane gefe, a bar ta kwana ɗaya. In aka ɗaga aka ga raɓa a ƙarƙashinta, to ruwa yana tasowa daga ƙasa, kuma duk ƙarfen da aka ajiye a wurin zai yi tsatsa. Maganinsa a shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba sabon daɓe. A kwaɓa siminti ma'auni ɗaya da yashi mai kaifi ma'auni uku, a zuba kaurin kamar santimita 5, a ɗan karkatar da shi wajen ƙofa, kimanin santimita ɗaya a kowace mita, don ruwan wanki ya riƙa fita da kansa. A yi ta yayyafa masa ruwa har kwana 7. Siminti ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai bayan kwana 28, saboda haka kada a yi gaggawar ɗora masa inji mai nauyi. Tayil mai santsi ba na wurin aiki ba ne: guduma ta faɗi ya fashe, mai ya zuba ya kayar da mutum.

Bango kuma a cike tsagoginsa, tunda sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa ba ƙadangare kaɗai ba, har da gara da kunama. A yi masa farin fenti. Farin bango yana ƙara amfanin kowane ƙwan fitila, kuma ƙaramin noti in ya faɗi an fi saurin ganinsa a ɗaki mai haske.

Wuta: inda araha ba ta ado

In akwai wurin da bai kamata a yi ƙwauro ba, to nan ne. Yawancin gareji soket ɗaya aka saka musu, sai mutum ya jona doguwar waya mai baki huɗu, ya ɗora mata injin gurza da fanka da cajar batir. Soket na yau da kullum mai amfiya 13, a wutar gidajenmu ta bolt 230, iyakarsa kimanin wat 3000. Da an zarce haka waya ta fara ɗumi, robarta ta narke a hankali a inda ido ba ya gani.

A kira ƙwararren mai aikin wuta ya ja wa garejin layinsa daban daga akwatin rarraba wutar gida, da abin yanke wutarsa na kansa. Wayar fitilu mai kaurin milimita 1.5 ta isa, ta soket kuwa 2.5, injin walda kuma yana bukatar nasa layin da waya mafi kauri, 4 ko 6, gwargwadon ƙarfinsa. A tabbatar wayar jan ƙarfe ce ta gaske, domin akwai jabu a kasuwa mai siririn ciki da kaurin roba. A saka soket huɗu zuwa shida a bango, sama da tsayin tebur, yadda ba sai an durƙusa ba, kuma ruwa ba zai kai gare su ba. A tabbatar da wayar ƙasa, wadda ake haɗawa da sandar da aka binne, tana aiki. Sannan a nemi na'urar da masu aikin wuta ke kira RCD, mai miliamfiya 30, wadda take yanke wuta cikin ƙiftawar ido idan ta fara bi ta jikin mutum. 

Fitila kuma a sa dogayen ƙwayayen LED biyu ko uku a sama, da wata daban a kan tebur, ta gaban mai aiki. Idan haske yana bayansa, inuwarsa ce za ta rufe abin da yake yankawa.

Iska, da makashin da ba shi da wari

Taga ɗaya ba ta isa ba. Ana bukatar biyu da ke fuskantar juna, ɗaya a ƙasa-ƙasa, ɗaya can sama kusa da rufi, domin iska mai zafi sama take tashi. A sa musu raga da ƙarfen tsaro.

Babban abin da za a ja kunne a kansa shi ne janareto. Mutane da yawa suna kunna shi a cikin gareji su ja ƙofa, don gudun ɓarayi ko ruwan sama. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jinin mutum fiye da yadda iskar da muke shaƙa take kama shi sau fiye da 200, sai ta hana jini kai iska ga ƙwaƙwalwa. Mutum zai ji ciwon kai da jiri da kasala, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa, shi ke nan. Ta kan ratsa ta ƙarƙashin ƙofa ta shiga ɗakunan kwana, kuma an sha jin labarin iyalin da suka kwanta lafiya aka wayi gari babu ko ɗaya. Hukumomin lafiya a Amurka suna ba da shawarar a ajiye janareto a waje, nesa da ƙofa da taga da aƙalla ƙafa 20, wato kimanin mita 6. A yi masa kejin ƙarfe mai rufi a fili, a sa kwaɗo. Haka nan ba a barin mota ko babur yana aiki a rufaffen gareji.

Batirin mota da na sola mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, wadda tartsatsi kaɗan ke tayar da ita, don haka a yi cajinsa kusa da taga. Turirin fetur kuwa ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya yi ta rarrafe har ya iske wuta. Tartsatsin walda da na injin gurza yana iya tashi har mita 10. Fetur da tina da fenti su zauna a akwatin ƙarfe mai murfi, can nesa da inda ake aikin wuta, in so samu ne ma a wajen ɗakin. Tsumman da aka shafa wa katako man linsid da shi, in aka dunƙule shi aka jefar a lungu, yana iya yin zafi ya kama da wuta da kansa. A shanya shi a fili ko a tsoma shi a gwangwani mai ruwa. A rataye tukunyar kashe gobara mai hoda a bakin ƙofa, tare da bokitin yashi. Ba a watsa wa gobarar mai ko ta lantarki ruwa.

Tebur shi ne cibiya

Sai an gama duk wannan ake maganar tebur. Tsayinsa ya zo daidai da wuyan hannun mai shi idan yana tsaye ya saki hannu, wato ga yawancin mutane santimita 85 zuwa 90. In ya yi ƙasa baya ya sha wuya, in ya yi sama kafaɗa ta gaji. Faɗinsa kada ya wuce santimita 60 zuwa 70, yadda hannu zai kai bango ba tare da miƙewa ba. Abin da ake nema a tebur nauyi ne da tsayuwa daram. Teburin da ke rawa idan ana zarto ba ya barin yanka ya miƙe. A yi ƙafafunsa da ƙarfe ko katako mai kauri, a ɗaure shi da bango, a kafa abin matse aiki a kusurwarsa, daidai kan ƙafa, inda duka ba zai girgiza shi ba.

Ba sai an sayi sabo ba. Wanda yake Kano ya leƙa Ƙofar Ruwa, wanda yake Kaduna ya shiga Panteka, na Yamai kuma ya nufi kasuwar Katako. A irin waɗannan wurare ana samun tsohon ƙarfe mai kauri, da tsofaffin ƙofofi da za su yi saman tebur, da masu walda da za su haɗa shi yadda ake so.

A raba ɗakin gwargwadon aiki. Aikin ƙura da tartsatsi ya kasance kusa da babbar ƙofa, aiki mai son tsabta kamar gyaran rediyo ko waya ya koma can ciki. A bar hanyar wucewa ta kusan mita ɗaya. In har yanzu mota za ta riƙa kwana a ciki, a shigar da ita, a buɗe ƙofofinta, a zana iyakarta a ƙasa da fenti, sannan a tsara sauran wurin. Tebur mai naɗewa a jikin bango da akwati mai ƙafar taya suna taimakawa ƙwarai a nan.

Kowane abu da mazauninsa

Ƙasa ta tafiya ce, bango na ajiya. A kafa falanki mai faɗi a bangon da ke saman tebur, a buga ƙusoshi, a rataye guduma da zarto da filaya da sukundireba da magagari. Sufanu a jera su daga ƙarama zuwa babba: takwas, goma, sha biyu, sha huɗu, sha bakwai. Sannan a ɗauki alƙalami mai kauri a zana siffar kowane abu a bayansa. Amfanin wannan zane ya fi ƙarfin ado. Da yamma in aka ɗaga ido aka ga siffar filaya babu filaya, nan take an san ta ɓata, tun ana iya tuna inda aka yi aiki da ita.

Akwai wani maƙerin fiyano a jihar Masachusets ta Amurka, Henry Studley, wanda ya rasu a 1925. Ya ƙera wa kansa akwatin bango mai kimanin mita ɗaya a tsawo da rabin mita a faɗi idan an rufe, ya shirya kayan aiki fiye da 200 a ciki, kowanne da gurbinsa. Har yau masu aikin katako suna kallon hotonsa suna jinjina masa. Ƙarancin wuri bai taɓa zama hujjar hargitsi ba.

Ƙa'idar jerawa ita ce: abin da ake ɗauka kullum ya zauna tsakanin ƙugu da kafaɗa, mai nauyi ya sauka ƙasa, wanda sai shekara-shekara ya hau sama. Ƙusa da noti da sukuru a zuba su a kwalabe ko robobin da ake ganin ciki, a rubuta girmansu a jiki. Katako kada ya taɓa ƙasa ko bango. A ɗora shi a kan marataya ta ƙarfe, a sa ƙananan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, a riƙa duba hanyar gara.

Yanayinmu yana da abokan gaba biyu. Da hunturu ƙura ce, tana shiga cikin inji ta cinye shi, don haka injuna su zauna a kabad mai ƙofa ko a lulluɓe su. Da damina kuma tsatsa ce. A goge ƙarafa da tsumma mai ɗan mai kafin a rataye, a jefa ƙananan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi cikin akwatin kaya. Baƙin man da aka juye daga inji a tara shi a jarka, kada a tuttular a kwata, domin ƙarshensa rijiyar unguwa.

Jiki, yara da maƙwabta

Tabarau na kariya, abin toshe kunne, takunkumin hanci da takalmi mai rufi su rataya a bakin ƙofa, su ne farkon abin da hannu zai taɓa. Ƙarar da ta kai desibel 85 tana lalata ji idan aka daɗe a cikinta, injin gurza kuwa yana wuce haka nesa. Babbar riga da hannun riga mai lilo ba sa shiri da inji mai juyawa. A ajiye akwatin taimakon gaggawa inda kowa ya sani.

Yara suna son wurin da ake ƙera abu, kuma alheri ne su koya. Amma su shiga da babba, su fita da babba. Abubuwa masu kaifi da ruwan batir da tina su zauna a kulle, kuma har abada kada a zuba kananzir ko tina a robar lemo, domin yaro ba ya karanta abin da ke ciki, ɗagawa yake ya sha.

Maƙwabci ma yana da haƙƙi. Ba a tayar da inji da asuba, ko lokacin sallah, ko bayan isha'i. Ɗan haya ya nemi izinin mai gida kafin ya fasa bango ko ya ja sabuwar waya. Shi kuma aro, wanda shi ne babbar hanyar salwantar kayan aiki, ba a hana shi tsakanin mutanen arziki, amma a rataye ɗan allo a rubuta wanda ya ɗauka da ranar da ya ɗauka. Rubutun yana kare zumunci fiye da yadda yake kare guduma.

Duk wannan ba aikin rana ɗaya ba ne, kuma ba sai an tara kuɗi masu yawa ba. Wannan watan a fitar da tarkace a toshe rufi, wata mai zuwa a yi waya, na gaba a haɗa tebur. Abin da ya fi wuya shi ne na ƙarshe a tsarin Japanawan nan, wato dagewa. A ware minti goma a ƙarshen kowane aiki: a mayar da komai gurbinsa, a share ƙasa, a kashe wuta daga tushe, a sa kwaɗo. Ranar da aka ce "gobe na gyara", ranar juji ya fara dawowa.

Saboda haka, mai karatu, Asabar mai zuwa ka buɗe ƙofar garejin nan, ka fito da komai tsakar gida, ka fara. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.